Masu ɗinkin oda ku ba ni shawara: ta kawo zannuwan mahaifiyarta a yi bargo, kullum da sabuwar magana

MaiKeke_Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a sana'a, musamman masu karɓar aikin oda. Ni ina Aboabo nan Kumasi, asalin aikina ɗinkin kayan mata ne amma yanzu abin da ya fi shigo min shine bargon ƙyallaye, irin asasawa ɗin nan da ake harhaɗa guntayen atamfa, sai dai nawa hawa uku ne, sama ƙyallaye, tsakiya faiba, ƙasa shafi, sannan in bi shi da ɗinki ya kama juna. Amare suna saye a sa a lefe, ana sayen ƙanana ranar suna, 'yan uwanmu na Amurka da Jamus ma in sun zo gida suna tafiya da shi.

Toh wata Hajiya ce mahaifiyarta ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta zo min da akwati guda cike da kayan tsohuwar. Akwai atamfofin Holand tsofaffi masu nauyi, akwai GTP atamfar nan Gana, leshi biyu, mayafai na shifon, kente ɗaya, zanen saƙin nan na Gana, da aka taɓa ba marigayiyar kyauta, har da batakarin mahaifinsu, wato rigarsa ta saƙi, wanda shi ya daɗe da rasuwa. Ta ce tana so a yi mata babban bargo na gado king saiz, ta riƙa ganin kayan uwarta kullum maimakon su zauna a akwati kyankyaso ya ci. Wlh maganar ta taɓa ni sosai. Muka yi magana a kan murabba'i murabba'i, ta turo adibas ta MoMo, wato kuɗin waya, na yanka zannuwa biyu cikin GTP ɗin na fara jerawa.

Daga nan ne abu ya fara. Da farko ta turo hoto a WhatsApp, wani bargon Turawa da ta gani a intanet, taurari ne duk jikinsa da ƙananan yanka masu kusurwa uku, ta ce irin wannan take so yanzu. Na ce Hajiya wannan wani aikin ne daban, ta ce ai duk ɗinki ne. Bayan nan ta ce komai na cikin akwatin sai ya shiga, har shifon da leshin, kar a bar ko ɗaya. Sai kuma ta ce kar in kuskura in wanke kayan, domin ƙanshin turaren Mma yana jiki, in an wanke ya tafi kenan. Ni kuma na san batakarin nan in ya sha ruwa zai iya zuba a kan farin leshin. Sai ta ce a tsakiya a yi mata aikin zare a rubuta Ayatul Kursiyyu da sunan marigayiyar.

Ina cikin wannan sai ga kira daga wata lambar waje, ashe ƙanwarta ce daga Bronx, ta ce ita ba ta yarda a yi guda ɗaya ba, su uku ne mata, a yi ƙanana uku kowa ta samu, kuma kenten nan kar almakashi ya taɓa shi. Na gaya wa Hajiya, ta ce in rabu da ita, ita ce babba kuma ita ta biya kuɗi.

Kuma duk wannan ana so kafin addu'ar arba'in, saura mako biyu da 'yan kwanaki. Da na taɓo maganar ƙarin kuɗi sai ta ce haba 'yata, kayan fa nawa ne, ke zare kawai za ki sa.

Ba na so in ɓata mata rai, mace ce mai makoki kuma sa'ar uwata ce, ba zan iya ɗaga mata murya ba. Amma in na bi duk abin da take so aikin zai lalace kuma sunana ne zai ɓaci a zango. Ya kuke yi da irin wannan dan Allah? In mayar mata da kayanta da kuɗinta ne, ko akwai hanyar da za a bi?

Masta_Nima:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu na farko, ajiye almakashi. Yau ɗin nan. Kar ki ƙara yanka ko inci ɗaya sai an samu baki ɗaya a gidan nan, domin ɗinki ana farke shi amma yanka ba ya komawa, kuma in rigima ta tashi tsakanin ya da ƙanwa su za su shirya wata rana, ke ce za a riƙa cewa telar da ta yayyanka kayan Mma.

Maganar "zare kawai za ki sa" kuwa, wannan kowane tela ya sha ta. Ba mugunta ba ce, mutane ba su san lissafin ba ne, sai ki zaunar da ita ki yi mata lissafin da biro a gabanta. Bari in yi miki a nan. Katifa mai faɗin inci 72, in kina so bargo ya sauko inci 12 kowane gefe, kin kai 96, mu ce 95 faɗi 100 tsawo dan lissafi ya zauna. In murabba'inki inci 5 ne bayan ɗinki, wato kina yanka 5 da rabi saboda kwata kwata na ɗinki, layi 19 ne sau 20, guda 380 kenan. Kowanne sai an auna, an yanka, an ɗinka, an goge bayansa. Yanzu tauraron da ta gani a hoto, mafi sauƙinsa ma, mai inci 10, yanka 17 ke cikinsa, a wurin da murabba'i huɗu kawai za su cike. Bargo irin wannan girman zai ci taurari wajen 90, kin ga yanka sama da 1,500 kenan, kuma masu kusurwa uku a karkace ake yanka su, tsohon zane yana miƙewa a hannu, in kin yi kuskuren rabin kwata bakin tauraro ba zai haɗu ba. Wanda ya ga 380 a gefe ɗaya ya ga 1,500 a ɗaya gefen ba sai kin yi dogon bayani ba.

Sannan shafin baya fa? Yadi mai faɗin inci 45 biyu ba za su rufe 95 ba, sai uku, wajen yadi 9 kenan, daga aljihun wa? Faiba, zare, wuta, kuɗin shago, yaran da ke taya ki. Duk ki rubuta.

Ni a shagona ga yadda nake yi da duk aikin oda mai girma. Ba na karɓar "yi min mai kyau". Zan zana a takarda, in ɗinka samfur ɗaya da ƙyallen banza na shago ba da kayan mai kaya ba, in ɗauki hoto in tura, in ce a amsa min da rubutu ko da voyis cewa an yarda. Gani ya kori ji. Adibas kuma ba ya gaza kashi 60 cikin ɗari, kuma ina faɗa tun farko cewa canji kyauta ne matuƙar ban yanka ba, in na yanka duk canji da kuɗinsa da kuma ƙarin kwanaki. Farashina mako biyu yake aiki, wannan darasin 2022 ne da sidi ya faɗi hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari a Disamba, ka yi ciniki yau ka je kasuwar Makola jibi ka tarar da wani kuɗin.

Maganar arba'in ki cire ta gaba ɗaya. Ki ce mata Hajiya ba zai yiwu ba, a fili, yau, kar ki ce "insha Allah zan ƙoƙarta" alhali kin san ba zai yiwu ba, wannan kalmar ce take jawo wa teloli zagi. Gara ta ji haushi yanzu da ta ji ana gobe addu'a.

HajiyaMaiAtamfa_Kejetia:

Masta lissafinka daidai ne amma ni ina ganin ka yi saurin kai wa biro da takarda. 'Yata ki saurare ni, ni ma na binne uwa. Matar nan ba taurari take nema ba, ba kuma rowa take yi ba. Mutum in yana cikin kwanakin nan ba ya iya tsayar da magana ɗaya, da dare ya tuna wani abu, da safe ya tuna wani, shi ya sa kike ganin saƙo kullum. In kika tare ta da lissafi tun daga bakin ƙofa za ta ji kamar kin mayar da uwarta ciniki.

Ki je gidanta da kanki, kar ki kira ta shago. Ki yi mata gaisuwa yadda ya kamata, sannan ki buɗe akwatin a gabanta ki ce Hajiya gaya min wannan zanen ina Mma ta sa shi. Za ki ji. Wannan na ranar da ta dawo Makka ne, wannan ankon bikin wance ne, wannan shi take ɗaurawa in za ta kasuwa. A cikin hirar nan da kanta za ta ware waɗanda ranta ke kai, kuma za ki ga ba su fi biyar ko shida ba, sauran ta ce a sa ne kawai dan tana jin in ta bar ɗaya kamar ta yar da shi ne. Bayan an yi wannan sai ki fito da lissafin Masta, zai shiga.

Maganar ƙanshi kar ki yi musu da ita ko kaɗan, gaskiyarta ce. Amma ki gaya mata cewa bargo abin amfani ne, ko ba ki wanke yau ba wata rana dole a wanke, kuma ko ba a wanke ba ƙanshin zai fita a iska cikin 'yan watanni. Abin da zai riƙe ƙanshi shine mayafi ɗaya da ba a yanka ba, a ninke a sa a leda mai zif a rufe. Ki zaɓar mata mayafin da ya fi ƙanshi ki ninke da hannunki ki miƙa mata ki ce wannan ba na taɓa shi. Kin ga shifon ya fita daga aikinki, ita kuma ta samu abin da take nema.

Wani abu kuma a matsayina na mai sayar da zane, ki duba Holand ɗin nan da kyau kafin komai. Iyayenmu da yawa suna sayen haf-pis, wato yadi shida, su ajiye ba su taɓa kai wa tela ba, ajiya ce, dukiya ce kamar sarƙar zinari. Ki duba bakin zanen za ki ga rubutu da lambar zane, na Vlisco na asali daga garin Helmond na ƙasar Holand yake zuwa, kamfanin tun 1846 yake. In akwai wanda ba a ɗinka ba, musamman tsofaffin zane masu suna irin su Nsubura ko Sika wo ntaban, ni ba zan so a yayyanka shi inci biyar biyar ba gaskiya. Ko a bar shi, ko in dole ne a sa shi a baya a matsayin shafi, dogo dogo, zanen ya fito yadda yake. Wanda aka riga aka ɗinka aka sha ɗaurawa shi ne na yanka.

Ɗan_Asawase:

Anti ni dai shawarata ki mayar mata da kayanta kawai. Ki cire kuɗin aikin da kika riga kika yi ki tura mata sauran. Aikin da mutum biyu suke ba da oda kowa da nasa ba ya ƙarewa lafiya koraa, ko kin yi mai kyau ɗaya za ta ce ba haka ta ce ba. Kwastomomi suna nan da yawa.

Masta_Nima:

Ɗan_Asawase ba haka ake yi ba ɗana. Ta riga ta yanka biyu, in ta mayar yanzu me za ta mayar, guntaye? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mayarwa tana nan a matsayin hanya ta ƙarshe in sun kasa haɗa baki, ba ta farko ba.

Hajiya na karɓi gyara, a fara da gaisuwa.

Malam_SabonZango:

Assalamu alaikum. Ni ba tela ba ne, ina koyarwa a makaranta ne, amma akwai abubuwa a tambayar nan da suka shafi addini kuma na ga ba a tsaya a kansu sosai ba.

Babban su shine gado. Tufafin mamaci suna cikin abin da ya bari, ba na babbar 'ya ba ne dan ita ce babba, ba kuma na wanda ya biya tela ba ne. Haƙƙin duk magada ne har sai an raba ko sun yafe wa juna. Kuma magada ba 'yan matan uku kaɗai ba ne in akwai 'ya'ya maza ko wasu masu rabo. Mu a zango mun saba ɗaukar zannuwa kamar ba komai ba, a raba gida da kuɗi a bar akwati a hannun wadda ta yi jinya, alhali kamar yadda Hajiya Mai Atamfa ta faɗa wani akwatin dukiya ce ta gaske. Don haka kiran da ƙanwar ta yi miki ba katsalandan ba ne, mai haƙƙi ce ta yi magana, kuma tunda maganar ta iso kunnenki bai kamata ki ci gaba ba sai kin ji an sasanta. Ba aikinki ba ne ki raba musu gado, kar ma ki shiga. Abin da za ki ce kawai shine, Hajiya ina jiran ku haɗa baki ke da 'yan uwanki, in da hali a sa wani babba na gidan ko limamin unguwa ya tabbatar.

Ki sani kuma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, mai sana'a kamar tela yana lamunin kayan da aka ba shi ya yi aiki a kai in sun lalace ko sun ɓata a wurinsa, sai in akwai shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. Wannan ya isa ya sa ki ƙirga kayan akwatin nan ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauki hoton kowanne, har inda ya riga ya yage ko ya koɗe, ki tura mata. Rubuta yarjejeniya kuma ba rashin yarda ba ne kamar yadda wasu dattawanmu ke ɗauka, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi zuwa ajali. In ta ce ba ki yarda da ni ba ne, ki tuna mata wannan cikin ladabi.

Maganar Ayatul Kursiyyu a jikin bargo, wannan ki ƙi kai tsaye, ko nawa za a ba ki. Abu ne da za a zauna a kai, a kwanta, a taka, yaro ya yi fitsari, a jefa cikin kayan wanki. Niyyarta mai kyau ce, tana so albarka ta bi kayan uwarta, amma ba ta nan ba. Sunan ma ki duba, in akwai sunan Allah a ciki irin Amatullahi ko sunan mahaifinta Abdullahi ne, kar a sa. In tana son lada ya isa ga mahaifiyarta, ga sadaka, wasu zannuwan da ba za su shiga aikin ba a ba mabuƙata su ɗaura. Allah ya jiƙan marigayiya ya ba su haƙuri.

MaiKeke_Aboabo:

Amin Malam, na gode ƙwarai, na gode Masta, na gode Hajiya Allah ya ƙara girma. Na rufe akwatin na ɗauki hoton komai kamar yadda aka ce. Hajiya kin yi gaskiya, akwai Holand biyu da ko kalmasa ba a yi musu ba, takardar ma tana manne.

Suna da ɗan uwa namiji ɗaya a Tamale, ban san matsayinsa a maganar ba tukuna. Amma bari in ƙara tambaya, in sun dawo sun ce toh mun yarda a yi uku ƙanana, waɗanda na riga na yanka za su yi amfani ai ko? Kuma kuɗin fa, tunda girman uku in an haɗa kusan ɗaya ne da babban, Hajiya za ta ce kuɗin ɗaya ne, na san ta. Sannan leshi da batakari da kenten nan in sun nace sai sun shiga, akwai dabarar da ba za su ɓata sauran ba?

Madam_Madina:

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Ni ina koyar da yara ɗinki a Madina nan Akra, bari in amsa miki ɓangaren yadi tunda manya sun gama da ɓangaren mutane.

Wanki dole ne, kowane zane shi kaɗai, ruwan sanyi, kafin yanka. Dalili biyu. Ɗaya zuba, biyu auduga tana ja in ta sha ruwan farko, wanda aka sha wankewa ya gama jan sa, wanda ba a taɓa wankewa ba bai fara ba, in kika haɗa su a bargo ɗaya ranar wankin farko wani zai ja wani ya tsaya, duk jikin ya tattare. Kafin wanki ma ki gwada a gabanta, ki jiƙa farin ƙyalle ki ɗora a gefen batakarin ki danna da dutsen guga, in farin ya ɗauki shuɗi ki miƙa mata ta gani da idonta. Batakarin da aka rina da baba irin na Daboya yana iya daɗewa yana fitar da shuɗi. Kuma kar wani ya ce miki ki jiƙa da gishiri ya kama, gishiri a lokacin rini yake aiki, bayan an gama rini ba ya ɗaure kala, wanki ne kawai har ruwa ya fita fari. In ya ƙi, baya shiga, sai a yi masa filo nasa daban.

Tsofaffin zannuwa kuma ki ɗaga su a rana ki duba, inda aka daɗe da ninkewa da inda ake zama a kai za ki ga haske yana ratsawa, nan ya mutu, ki kewaye shi. Shi ya sa kar ki yi lissafi kamar sabon yadi. Sabon haf-pis mai faɗin inci 45 zai ba ki murabba'i 5 da rabi wajen 300, tsohon da aka ɗinka riga da zane aka sha ɗaurawa in kin samu rabin haka ki gode Allah.

Leshi ba ya tsayawa shi kaɗai, faiba za ta riƙa leƙowa ta ramukan. Ki yanka atamfa ko farin yadi daidai girmansa ki ɗora leshin a kai ki ɗinke gefe, sai ki ɗauke su a matsayin murabba'i ɗaya. Kuma kar ki sa shi inda ƙafa take, yatsa yana shiga rami ya yaga, ki kai shi can sama ko kusurwa. Shifon in ya zama dole haka za ki yi masa shi ma amma ni ina tare da Hajiya Mai Atamfa, a bar shi.

Kente kuwa ƙanwar tana da gaskiya ko ba dan gado ba. Saƙar hannu ce, ƙwarya ƙwarya mai faɗin wajen inci 4 aka haɗa, in kika yanka ta tsakiya zare zai yi ta warwarewa, kuma ba ya son yawan wanki, bargo kuwa sai an wanke. In an matsa, kar a yanka, a farke ɗinkin da ya haɗa ƙwarya ɗaya ta gefe a cire ta sukutum, a bi bakinta biyu da obalok, ɗinkin da ke hana zare warwarewa, sauran kenten ya zauna lafiya. Batakari ma haka aka saƙa shi, ta ɗinkin ake bi.

Maganar taurari kuma ba sai an ce a'a gaba ɗaya ba. Ki ba ta tauraro ɗaya babba a tsakiya, inda take son a sa ayar, da zanen da ta fi so, sauran duk murabba'i. Babban tauraro ya fi ƙarami sauƙi nesa ba kusa ba kuma ya fi fitowa a ido. Sau da yawa wanda ya turo hoto abu ɗaya ne ya burge shi a ciki, ki tambaye ta mene ne, wataƙila ma farin da ke tsakanin kalolin ne ba taurarin ba.

In kin sa rana ki ƙara mako guda a kan abin da kika lissafa, saboda wuta.

Masta_Nima:

Waɗanda kika yanka za su yi, murabba'i ai murabba'i ne, a raba su uku kowa ta samu kowane zane. Amma kuɗi ba ɗaya ba ne, ga amsar da za ki ba ta. Ƙarami mai 50 da 60 murabba'i 120 ne, uku 360, eh kusan ɗaya da 380. Amma kewayen babban inci 390 ne, kewayen ƙananan uku 660, kuma duk sai an bi da ɗaurin baki, kusurwa 12 maimakon 4, shimfiɗa sau uku, jera kala sau uku kuma dole su yi daidai da juna dan kar wata ta ce an fi ba wance Holand. Abin da kika samu sauƙi shine turawa a ƙarƙashin keke, ƙarami ba ya wahalar da kafaɗa. Ni da ni ne zan ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Kuma tunda uku ne kowa ta biya nata, ki ce ƙanwar ta turo rabonta, wadda ta sa kuɗinta ita ma sai a ji ta bakinta a kan nata bargon kaɗai, ba na yayarta ba.

MaiKeke_Aboabo:

Na je gidan jiya bayan la'asar. Mun daɗe, ta yi kuka ni ma na yi. Mayafin ta karɓa, maganar aya ta janye da kanta tun kafin in gama faɗin abin da Malam ya ce, arba'in ma ta haƙura ta ce a nufi kafin azumi. Abin da ya rage shine ɗaya ko uku, ta ce ranar Asabar za su yi kiran bidiyo da ƙannenta da na Tamale, ni dai na ce ba na buɗe akwati sai na ji muryar kowa. Lissafin kuɗi na bar mata takardar, ba ta ce eh ba ba ta ce a'a ba.

Madam wata tambaya, faibar da nake sa wa masu tafiya waje mai kauri ce, ita kuma Hajiya a nan za ta yi amfani da nata, ina tsoron zafi ya sa ta ninke shi ta mayar akwati. Me zan sa a tsakiya?

Madam_Madina:

Kar ki sa faiba a nata. Ki nemi zanen gado na auduga mai ɗan gashi gashi, irin na sanyi da ke zuwa a kayan gwanjo, ki wanke shi da ruwan zafi ya gama ja, ki sa a tsakiya. Ba nauyi, yana bushewa da wuri ko da damina, kuma kekenki zai ratsa shi ba tare da tsallen zare ba. Na mai Bronx ne za ki sa wa mai kaurin, ki gaya mata tun yanzu zai ci wuri a jaka.